Soron Malam Yakubu

Ranar da na ƙi rushe soron Malam Yakubu ba ta taɓa fita daga raina ba. Tun da ku masu koyon gini kun tambaye ni abin da ya raba ni da aikin kamfani na koma ina karɓar aiki da kaina, to ku gyara zama. Wasunku sun ji labarin a bakin tasha, an ƙara masa gishiri, har ana cewa na ɗaga wa Alhaji diga. Ban ɗaga wa kowa diga ba. Ga yadda abin ya kasance.

A lokacin ni ne shef na shantiye, wato shugaban ma'aikata a filin gini, a wurin wani ɗan kwangila a nan Dogon Dutsi, ana kiransa Alhaji Sani. Ga waɗanda ba su san tsarin aikinmu ba, ɗan kwangila shi ke karɓo aiki daga mai gida, su daidaita, a yi zane, sannan ya miƙa wa shef. Shef shi ke tsaye a kan magina da kafintoci da leburori tun safe har a tashi. Shi ke cewa a zuba kankare, shi ke cewa a dakata. Amma ba shi da ikon sauya zane, ko da taga ɗaya ce. Abu guda aka yardar masa: in ya ga aiki zai yi wa wani lahani, yana iya tsayar da shi har ɗan kwangila ya zo. Da ake koya mana wannan a makarantar sana'a, misalin da ake ba mu shi ne bangon da ke shirin faɗuwa, ko rami a bakin hanyar da mutane ke bi. Babu malamin da ya taɓa kawo mana misalin zafi.

Gidan yana can unguwar da ke gindin dutse, inda in rana ta faɗi ma duwatsu ke ci gaba da huro wuta. Malam Yakubu tsohon tela ne, Kirista, kusan duk dattijan garin nan sun sa rigar da ya ɗinka. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, harshensa ya yi nauyi, ba kowa ke gane maganarsa ba sai matarsa, Inna Saratu. Ɗansu na fari, Iliya, yana Kwatano yana sayar da kayan gyaran mota, kuma Allah ya buɗa masa. Inna ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mutumen Kwatano. Shi ya ba Alhaji aikin.

Zanen ya raba aikin gida uku. Da farko a gina wa iyayen sabon ɗaki na bulo da siminti, a rufa da kwano, a sa kilim, wato na'urar nan mai sanyaya ɗaki. Bayan an mai da su ciki, a rushe tsohon soron ƙasa da suke kwana, a sare dogon yaron da ke tsakar gida. Daga ƙarshe a shafe tsakar gidan da siminti, a yi wa mota wurin kwana. Sabon ɗakin ya ba yamma bango, rufinsa bai yi tsawo ba, tagarsa ɗaya ce ta gilashi, ƙarama, don kada sanyin kilim ya zurare. Na nuna wa Alhaji haka tun a kan takarda. Ya ce mai kilim ba ruwansa da gabas ko yamma. Muka gina.

Shi kuwa soron, ban san shekarunsa ba. Kaurin bangonsa ya kai kamu guda. An shimfiɗa azarar giginya, an zuba ƙasa mai kauri a bisa. Akwai ƙananan tagogi biyu can sama, suna duban juna, iska na shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Daga azahar inuwar dogon yaro ke rufe shi. A kusurwa akwai randa a kan jiƙaƙƙen rairayi, Inna kuma takan yayyafa ruwa a ƙasa in rana ta take. In ka shiga daga waje, sai ka ji kamar an ɗauke maka kaya daga kai.

Mun gama sabon ɗakin a tsakiyar bazara, cikin watan Afirilu, aka mai da Malam ciki. Ranar da za a yi rushe-rushen, mun shafe safiya muna fitar da sauran kayan soron, muka cire ƙyauren, muka ajiye diga da guduma a gindin bango, da niyyar in mun huta rana ta ɗan yi sanyi mu fara. Wajen azahar aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba a irin wannan lokaci. Ba mu ma lura ba. Muna zaune ƙarƙashin dogon yaro muna shan fura.

Inna ta fito. Ba ta yi kururuwa ba, ta zo dai ta tsaya a kaina.

"Bawa, zo ka gane mini Malam. Ina kiran shi ba ya amsawa."

Da na tura ƙofar sabon ɗakin, iskar da ta buge ni irin ta bakin tandar masu burodi ce. Kwano ya ɗauki zafi ya sauko da shi, bangon yamma ya fara gasuwa, ga taga a rufe ruf. Malam yana kwance, baki buɗe, idanu a juye. Na taɓa goshinsa, na ji zafi kamar ƙarfen da aka bari a rana, kuma a bushe yake, ko ɗigon gumi babu. Wannan bushewar ita ta fi ba ni tsoro.

Na ƙwala wa Ɗan Ladi kira, babban magininmu. Muka ɗauko Malam da katifarsa, ni ta kai shi ta ƙafa. Ban tsaya shawara da kowa ba, kai tsaye muka shiga da shi soron da muka kwashe da safe. Inna ta jiƙa zane ta lulluɓa masa, tana yi masa fifita. Na tura ɗan kabu-kabu ya ɗauko majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwa. Ya zo ya sa masa ƙarin ruwa, ya rataye robar a ƙusar da Inna ke rataye faifai. Kafin la'asar Malam ya buɗe ido, ya motsa leɓe, Inna ta ba shi ruwan randa da cokali.

Majo ya ja ni waje ya ce, "Tsoho irin wannan jikinsa ba ya gaya masa yana jin ƙishi, kuma ba ya iya tashi ya fita. Da kun ƙara jimawa, da wani labari ake yi yanzu. Kada a mai da shi ɗakin can sai ruwa ya sauka."

Na ce wa ma'aikata su kwashe diga su mai da ita ɗakin kaya, su dawo wa Malam da gadonsa cikin soron. Sannan na kira Alhaji na ce na tsayar da aiki.

Ya iso da motarsa bayan la'asar. Ku sani, Alhaji ba mugu ba ne. Ya shiga ya gai da Malam, ya yi wa Inna sannu, har idonsa ya kawo ruwa. Amma da muka fito waje sai ya koma ɗan kwangila.

"To, Allah ya kiyaye. Iliya zai aiko da injin ba da wuta, magana ta ƙare. Gobe ku fara."

Na ce, "Alhaji, kafin injin ya iso a ina Malam zai kwana? In ya iso, wa zai ja igiyarsa da tsakar rana, Inna? In mai ya ƙare fa? In ya lalace ranar da mai gyara ya tafi kasuwar ƙauye?"

"Kai shef ne ko likita?"

"Shef ne ni, Alhaji. Shi ya sa na tsayar."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na yi shekaru tare da shi ban taɓa mai da masa magana ba. Ya ciro wayarsa ya kira Iliya, ya buɗe murya don in ji da kunnena. Ya ba shi labarin abin da ya faru, bai ɓoye komai ba, wannan kam na shaida masa.

Iliya ya ce a ba shi shef.

"Shef, na gode da ka ceci babana. Amma ka saurare ni. A cikin soron nan aka haife ni. Na san daren da ruwa ya huda rufinsa muka kwana a tsaye muna tara kwanoni. Na san kunamar da ta harbi ƙanwata a gindin bangon nan. Yanzu duk wanda ya zo Kwatano daga Dutsi sai ya ce mini, Iliya, kana nan kana hawa mota, ubanka na kwana cikin laka. Ka san zafin wannan maganar? Na rantse sai na fitar da su daga ƙasa kafin su mutu."

Wallahi na ji tausayinsa, don na san irin bakin mutanen garinmu. Amma na ce masa, "Malam Iliya, masu faɗin haka ba su ne suka ɗauko shi ɗazu ba, ni na ɗauko shi. Ɗakin da muka gina yana da kyau in akwai wuta. In babu, tanda ce. Soron nan ba ya jiran kowa ya kawo masa wuta. Ka bar shi tsaye, in yi maka yaɓe, in gyara rufin, in toshe duk ramin da ke ciki. Motarka mu nema mata wuri ta bakin ƙofa."

"Ba shawara na nema ba. Alhaji, in shef ɗinka ba zai iya ba, ka sauya shi."

Ya kashe waya. Alhaji ya share fuska da gefen rawani, ya ce, "Bawa, ka ji da kunnenka. Kada ka ɓata mini suna a kan ginin laka. Ka je ka yi tunani. Gobe da safe, ko ka sa a fara, ko ka kawo mini makullin ɗakin kaya."

Na zaro makullin daga aljihu na ɗora a kan motarsa.

"Ba sai gobe ba, Alhaji. Hannuna ba zai rushe ɗakin da mutum ke numfashi a cikinsa ba, bakina kuma ba zai sa wani ya yi ba."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji tsoro ba. Ina da iyali, kuma wanda ɗan kwangila ya kora, sauran 'yan kwangila sukan ji labarinsa kafin ya isa gida. Na tara ma'aikata na ce kada kowa ya bi ni, kowa ya san nauyin da ke kansa. Ɗan Ladi ya dafa ƙugu kawai ya ce shi dai bayansa ya fara ciwo, yana jin gobe ba zai iya ɗaga diga ba. Sauran ma duk ciwon baya ya kama su a nan take.

Washegari da hantsi na tafi gidan, ba a matsayin shef ba, na je gai da mara lafiya ne kamar kowa. Tun daga nesa na ga sararin sama ya buɗe a inda bai kamata ba. Alhaji ya ɗauko sabbin leburori daga ƙauye da sassafe, sun fara da dogon yaro. Kafin in isa ya riga ya kwanta a tsakar gida, rassansa sun cika wurin, tsuntsayen da ke kwana a kai suna ta kewaya sama. Malam ya dasa shi da hannunsa shekarar da suka tare a gidan. Wannan ban iya hanawa ba, kuma har yau yana ci mini rai.

Amma a bakin soron, inda muka cire ƙyaure, Inna Saratu ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta miƙe ƙafafu ta tare ƙofar, da faifan wake a cinyarta tana tsince tsakuwa. Malam yana kwance a bayanta. Alhaji na tsaye yana lallashinta, yana cewa a mai da Malam gidan maƙwabta na ɗan lokaci.

Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Alhaji, kun sare icce, na gani, ban ce muku komi ba. Ɗakin ga kuwa, wanda za shi rushe shi, shi fara ta nan inda nike zaune. Ka gaya ma mutumen Kwatano haka nic ce."

Babban leburorin, wani dogo mai tsagar Arewa a kumatu, ya leƙa ciki ya ga tsoho kwance da robar ƙarin ruwa a bisansa. Ya aje digarsa a hankali.

"Alhaji, ce muna anka yi kango za mu rushewa. Ba a ce da mutane ciki ba."

Suka ɗora kayansu a amalanken jaki suka tafi.

Haka aka zauna kwana da kwanaki. In Inna ta tashi yin girki, wata daga matan majami'arsu ta zauna a bakin ƙofar. In su ma sun tafi, matar maƙwabcinsu liman ta zo da carbinta ta karɓe su. Ba wanda ya shirya haka, ba a yi taro ba. Ƙofar dai ba ta taɓa zama babu mace a bakinta ba.

Daga ƙarshe Iliya ya taso da kansa. Inna ta aika a kira ni, ta ce tana so in kasance a wurin. Na same shi a tsakar gida, ƙato, sanye da farar shadda, idanunsa ja saboda tafiya da ɓacin rai. Na miƙa masa hannu, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar akwai wuta, kuma ba a ɗauke ba ko sau ɗaya. Ya kunna kilim, ya rufe ƙofa, ya jira, sannan ya buɗe ya ce kowa ya zo ya ji. Gaskiya ɗakin ya yi sanyi, sanyi mai daɗi, ya fi na soron nesa ba kusa ba. Ya juyo ya dube ni.

"To, shef, ina tandar?"

Na ce, "Yau babu ita."

Ya wuce ni, ya sunkuya ya shiga soron, ya durƙusa a gaban gadon mahaifinsa. Muryarsa ta sauya, ta koma ta ɗa.

"Baba, ɗakinka ya yi sanyi. Na zo da inji, ko an ɗauke wuta ba ruwanka. Bari in ɗauke ka da kaina."

Ya sa hannu zai cicciɓe shi. Sai Malam ya miƙa hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya riƙe ƙarfen gado. Iliya ya ja a hankali, tsohon bai saki ba. Jijiyoyin hannunsa suka tashi. Bakinsa ya yi ta motsi, magana ta ƙi fita, yawu na zuba ta gefe. Da ƙyar ya haɗa kalmomin, kuma ranar ba wanda ya buƙaci Inna ta fassara.

"Ka... tambaye... ni?"

Iliya ya sake shi. Ya daɗe a durƙushe. Ni ma da nake tsaye a bakin ƙofa sai na sunkuyar da kai, domin tun daga ranar da aka kawo zane har zuwa wannan rana, an yi magana da Alhaji, an yi da ni, an yi da majo, an yi da Inna, amma babu wanda ya durƙusa ya tambayi mai ɗakin inda yake son kwana. Don harshensa ya yi nauyi, sai aka ɗauka ra'ayinsa ma ya shanye.

Iliya ya fito ya zauna a kan kututturen dogon yaro, a cikin rana, da farar shaddarsa. Bai ba kowa haƙuri ba. Da ya tashi, ya kira Alhaji ya ce a bar soron, a yi wa motar wuri ta bakin ƙofa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Alhaji bai mai da ni aiki ba, ni ma ban roƙe shi ba. In mun haɗu a jana'iza mukan gaisa, iyakarta ke nan. Na sha wuya har damina ta wuce, ina bin ƙananan ayyuka, yau gyaran katanga, gobe bakin rijiya. Soron ma da ya rasa inuwarsa ya fara ɗaukar zafi da yamma, sai ni da Ɗan Ladi muka kafa masa rumfar zana a jikin bangon yamma, muka sake yaɓe rufin kafin ruwan fari, muka mai da ƙyaurensa. Malam Yakubu ya ƙara ganin bazara fiye da ɗaya a cikinsa. Ya rasu da kaka, ana cikin girbin gero, a kan gadonsa, Inna na gefensa.

Bayan rasuwar ne Iliya ya kira ni. Bai tada tsohuwar magana ba. Ya ce iyalinsa za su riƙa sauka a sabon ɗakin in sun zo, ko akwai abin da za a yi masa. Na je na ɗaga masa rufi na biyu a bisa kwanon, na bar sarari tsakani iska na wucewa, na huda taga babba ta fuskanci ƙaramar, na dasa dogon yaro biyu ta yamma. Ya ce in yi duk abin da na ga ya dace.

Abin da na koya ba shi ne laka ta fi siminti ba. Ni maginin siminti ne, da shi nake ci, kuma na ga soron da ya rufta wa mutane cikin damina. Abin da na koya shi ne, a sana'armu wanda ke ba da aiki sau da yawa ba shi ne mai kwana a ɗakin ba. Yana Yamai, ko Kwatano, ko Legas, yana ganin gini a hoton waya. Mai kwana a ciki tsoho ne, ko mai jego, ko mara lafiyar da ba ya iya buɗe wa kansa taga. Shi ba a kiransa wurin zane. In magini bai tsaya masa ba, ba mai tsaya masa.

Shi ya sa yanzu ba na karɓar aiki sai na je filin da tsakar rana na tsaya, na ga inda rana ke bugawa da inda iska ke fitowa, sannan in ce a kai ni wurin wanda zai zauna a ɗakin, mu yi magana. Wasu ba sa so. Kwanan baya wani ya ce mini shi gini ya ce in yi masa, ba tambayoyi ba. Na ce masa magina sun yi yawa a Dutsi, ya nemi wanda ba ya tambaya. Ya tafi, kuma na yi barcina lafiya.

Ku ma ranarku tana zuwa. Wani zai miƙo muku zane, ku duba ku ga mutum zai gasu a ciki. Ku faɗa da ladabi, ku kawo mafita. In an ƙi ji, aiki dai ana rasa shi a sami wani. Amma kada hannunku ya gina wa ɗan'adam ɗakin da ku kanku ba za ku yarda ku kwantar da uwarku a ciki ba da azahar ɗin Afirilu.